Ɗan Tunku Da Dabo, Da Talakawan Da Ke Tsakani

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Kazaure da damina, in ya kawo ƙasarmu ta Ɗambatta, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne rashin daji. Gona na jikin gona, gero na kallon dawa, gyaɗa da wake sun cika tsakani, ko ina mutum ya duba sai ya hangi rumbu a gindin kuka. Ba a yin tafiyar rabin mil ba a ji carar zakara ko ƙarar taɓarya ba. Baƙo ya kan ce lalle mutanen nan tun da Allah ya ajiye kakanninsu a wurin nan ba abin da ya taɓa tashinsu. To, ba haka ba ne. Shekara 200 da suka wuce ƙasar nan ita ce fagen da dawakin manya biyu suka yi wajen shekara biyar suna kai da kawowa, har ya zama manomin da ya fita gona da safe ba shi da tabbacin ɗa zai kwana ko bawa.

Muna so mu yi magana da ku, 'yan makaranta, a kan wannan zamani. Mun lura a aji in aka zo labarin jihadi ku kan haddace sunayen sarakuna da shekarun sarautarsu sarai, amma in muka tambayi abin da ya haɗa su faɗa sai a yi tsit, ko kuwa wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, addini ne." Gaskiya ne, addini ne. Amma cikin addinin akwai wata tambaya guda wadda ta hana manyan malaman nan barci, ta haɗa wa da ƙane gardama, ta sa manzanni suka yi ta zirga-zirga da takardu tsakanin Sakkwato da Barno. Tambayar ita ce, wa ya halatta a kama a sayar, wa kuma ya haramta?

Tun da fari sai mu share wata ƙura, don kada ku tafi da abin da ba mu faɗa ba. Cikin shugabannin nan ba wanda ya ce a kashe bauta gaba ɗaya. Sun tarad da ita, sun kuma mutu sun bar ta. Abin da suka yi jayayya a kai iyaka ce, watau inda ɗa ya ƙare bawa ya soma.

Tambayar ma ta girmi jihadi nesa. A 1615 Malam Ahmadu Baba na Tambutu ya amsa wata tambaya da mutanen Tuwat, can cikin hamada, suka aiko masa game da bayin da a ke kai musu daga ƙasashenmu. Ya amsa musu da littafi mai suna Mi'irajus Su'udi. Ya nuna musu baƙin fata ba ya cikin dalilan bauta, dalilinta kafirci ne da kamu a fagen yaƙi. Sa'an nan ya lissafa ƙasashen da mutanensu suka daɗe da musulunta, ya sa Barno da Kano da Katsina a ciki, ya ce mallakar mutanensu haram ne. Har ya koka da cewa Katsina ta kan kai wa Kano hari, a kwashe 'ya'ya Musulmi a sayar. Kun ga ke nan wajen shekara 190 kafin Shehu ya yi hijira malamai sun san da ciwon, sun kuma san sunansa.

Abin da ya kunna wutar jihadi kansa ma kamun 'ya'ya ne. Cikin almajiran Shehu Usumanu ɗan Fodiyo akwai Malam Abdussalami, wanda ba Bafilace ba ne, mutumin Arewa ne. Ya tashi da jama'arsa don tsoron Gobirawa ya zauna a Gimbana. A ƙarshen 1803, cikin watan azumi, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa garin, aka kashe na kashewa, aka ɗaure sauran, maza da mata da yara, aka tasa su gaba. Hanyar ta bi ta kusa da Ɗegel inda Shehu ya ke zaune. Da jama'ar Shehu suka ga 'yan'uwansu cikin sasari, sai suka tare rundunar suka kwance su. Daga ran nan ba a sake shiri ba. A watan Fabrairu 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka yi karon Tabkin Kwatto, a 1808 Alƙalawa ta faɗi.

Shehu bai bar maganar a baki ba, ya rubuta. Cikin takardar nan da ya aika wa mutanen ƙasashen Sudan, wadda a ke kira Wasiƙatu Ahlis Sudan, ya bi mutane jinsi jinsi ya faɗi hukuncin kowa. Musulmi ɗa, haram ne a bautad da shi, ko a ƙasar Musulunci ya ke zaune ko a ƙasar abokan gaba. Musulmin da ya yi wa shugaba tawaye, a yaƙe shi har ya komo, amma bautad da shi haram ne. Kafirin amana, wanda ya ke biyan jiziya, shi ma ba a taɓa shi. Waƙarsa ta Tabbat Haƙiƙa, wadda ya yi da Filatanci 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ta sa mai bautad da ɗa cikin mutanen da azaba ke jira a Lahira. In da maganar ta tsaya nan, da kusan duk wanda ke zaune a ƙasar Hausa ya sami inuwar da zai fake.

Amma akwai jinsi guda da Shehu ya ce malamai sun saɓa a kansa, shi ne wanda ya yi ridda. Ya ce maganar da ta fi shahara ita ce ba a bautad da su, amma wanda ya yi don bin malamin da ya halatta bai yi saɓo ba. Ga malami a zaure wannan adalci ne, ya faɗi ƙauli biyu yadda ya same su. Ga barde a kan doki kuwa ƙofa ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa zai ce wannan ƙauye tawaye suka yi, wancan kuwa ridda? Ba a kai ƙauye gaban alƙali kafin a cinna masa wuta. Mai takobi shi ke raɗa sunan, shi ne kuma zai sami rabo daga ganima in sunan ya zo daidai da bukatarsa.

A kan wannan suna ne Shehu da ƙanensa Malam Abdullahi suka saɓa. Shehu ya riƙe cewa Musulmin da ya taimaki kafirai a kan Musulmi ya fita addini. Malam Abdullahi ya ga cewa taimakon nan yana iya zama zunubi kawai, in ba don son kafircin aka yi shi ba. In an karanta muku wannan sai ku ce ai gardamar malamai ce, irin wadda a ke yi bayan La'asar a kan buzu. To, ku tuna a ƙarƙashin kowace kalma cikin biyun nan akwai matan wani da 'ya'yansa. In zunubi ne, suna nan a gidansu. In kafirci ne, akwai mai cewa a raba su.

Malam Abdullahi mutum ne mai taurin gaskiya, mu kam cikin su duka shi ya fi kwanta mana a rai. Wajen 1807, yaƙi na tsaka, ya dubi rundunar da shi kansa ya ke ja, ya ga galibin malaman kirki da suka fara tafiyar sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa hankalinsu na kan mulkin garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da dawaki da tufafi. Sai ya juya ya bar su, ya nufi gabas da niyyar Makka. Ya faɗi wannan da kansa cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, kuma cikin laifuffukan da ya lissafa har da sayar da 'ya'ya a kasuwa. Tafiyar ba ta wuce Kano ba. Kanawa suka tsai da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda a ke mulki bisa shari'a, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantad da su tafsiri, sa'an nan ya koma. Ya ce abin da ya gudo dominsa, shi ya tarar a Kano. Wannan fa a shekarun farko ke nan, tun zufar yaƙi ba ta bushe ba.

Daga gabas kuma wata murya ta taso. Bayan jama'a sun ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Laminu, wanda ya tsaya wa Barno, ya rubuto wa Sakkwato yana tambayar dalilin da ya sa a ke yaƙarsu a na kame 'ya'yansu, alhali suna salla suna azumi. Ya ce in don a na yanka a gindin itatuwa ne, ko mata na fita ba lulluɓi, ko alƙalai na cin hanci, to, waɗannan saɓo ne, kuma ba ƙasar Musulmin da ta kuɓuta daga irinsu, har Masar. Muhammadu Bello ya amsa da cewa Sarkin Barno ya taimaki sarakunan Haɓe a kan Musulmi, wannan kuwa ya fid da shi. Kun ga maganar nan ce dai ta wa da ƙane ta sake dawowa, sai dai yanzu ƙasa guda ce a kan ma'auni. Abin yabo ga Bello shi ne bai ɓoye takardun abokin gardamarsa ba, ya sa su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812, shi ya sa mu ke iya jin ɓangare biyu har yau.

Labarin da ya fi ba mu tausayi shi ne ƙarshen Abdussalami. Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi. Abdussalami, wanda ke zaune a Kware kusa da Sakkwato, ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba, ya kuma yi ƙarar zaluncin da ya ce ya yi yawa. Ya ƙulla hulɗa da waɗanda Sakkwato ke ɗauka abokan gaba. Aka yi ta musayar takardu, daga ƙarshe Bello ya yanke cewa ya yi ridda. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni ya mutu. Mutumin da aka fara jihadi don a kwance jama'arsa daga sasari, shekara 14 bayan haka sunan da ke halatta sasari ya faɗo a kansa.

To, yanzu mu komo gida. Sa'ad da jihadi ya iso ƙasar Kano, cikin shugabannin Filanin da ke arewa akwai Ɗan Tunku, mazauninsa kuwa nan Ɗambatta. Ya taimaki jama'a a yaƙin da suka yi da Sarkin Kano Alwali, Kazaurawa kuma sun riƙe cewa tuta ya karɓo daga hannun Shehu. Zamanin Sarki Sulaimanu an zauna, ko da ya ke zaman na doya da manja ne. Da Sulaimanu ya rasu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, Basulluɓe, sai ƙasa ta ɗauki zafi, garuruwa da yawa suka ƙi bi. Dabo ya bi su ɗaya ɗaya ya lanƙwasa. Ɗan Tunku ne ya gagara. Hujjarsa a fili ta ke, shi ma mai tuta ne, don me zai kai gaisuwa ga wanda ba shi ya ba shi ƙasa ba? Hujjar Dabo ita ma a fili ta ke, Sarkin Musulmi ya ba shi Kano, Ɗambatta kuwa ƙasar Kano ce.

Ku dubi yaƙin nan da ma'aunin Shehu. Dabo Musulmi ne, malami ma. Ɗan Tunku Musulmi ne. Mafi munin sunan da ɗayansu zai iya kiran ɗaya da shi, shi ne ɗan tawaye, ɗan tawaye kuwa ba a bautad da shi. Manoman da ke tsakani, in Musulmi ne 'ya'ya ne, in Maguzawa ne masu biyan jiziya amana ce. Bisa littafi, ke nan, yaƙi ne da bai kamata ya fid da bawa ko guda ba. Amma doki na cin dawa, barde na son lada, mai sayad da sulke da takobi ba ya karɓar hujja a maimakon kuɗi. Abin da ya fi kowane kaya saurin zama kuɗi a zamanin nan kuwa mutum ne, don shi ke kai kansa kasuwa da ƙafarsa. In mahaya Ɗan Tunku suka zo ƙauye suka karɓi hatsi, gobe na Dabo su zo su ce ƙauyen ya ciyad da ɗan tawaye. In ƙauyen ya kai gaisuwa Kano, jibi na Ɗan Tunku su zo da tasu hujjar.

Sa'ad da mu ke kwalejin horon malamai a kan sa mu zana taswirar yaƙe-yaƙen nan, mu ja kibiya daga Kano zuwa Ɗambatta, mu ja wata daga Ɗambatta zuwa Kazaure, mu sa shekara a gefe. Wanda kibiyarsa ta fi miƙewa shi ke samun maki. Tsawon kibiyar farko a takarda bai kai ɗan yatsa ba. A ƙasa kuwa wajen mil 40 ne, mu da muka tashi a nan mun san abin da ke cikin mil 40 ɗin nan na gidaje da rijiyoyi da maƙabartu.

Akwai wanda ya gani da idonsa ya rubuta. Wani Bature, Kyaftin Kilafaton, wanda ya sa wa kansa suna Abdullahi, ya iso Kano a watan Janairu 1824. Bai tarad da Dabo a gari ba, yana sansani yana shirin fita yaƙin Ɗan Tunku, can ya je ya gaishe shi. A tafiyarsa cikin ƙasar Kano ya wuce garuruwa masu ganuwa ba kowa a ciki, aka gaya masa waɗanda suka ci su sun sayad da mutanen, ya kuma ga kufan da harin Ɗan Tunku ya bari. Ya ƙiyasta mutanen birnin Kano tsakanin 30,000 da 40,000, ya ce fiye da rabinsu bayi ne. Ya shiga kasuwa ya ga rumfuna biyu dogaye, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, an jera su an yi musu ado, mai saye na duba haƙora da idanu da gaɓoɓi. In ya kai gida ya ga aibi, yana da kwana uku ya mayar. Ƙiyasin baƙo ne, ba ƙidaya ba ce, amma rumfunan kam ya gan su.

Don tsare birni daga harin arewa Dabo ya ƙarfafa Fanisau ya mai da ita ribaɗi. Da yaƙi ya wuce, Fanisau ta zama ɗaya daga manyan gandayen sarki, bayi ke noma ta. Shi ne kuma ya farfaɗo da sarautun bayin sarki na zamanin Haɓe, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, don ya ga dangi na iya yi masa tawaye, bawa kuwa ba shi da kowa sai ubangidansa. Ɗa na kowa ne, bawa sai mai shi. Har waɗansu bayin sarki suka fi 'ya'ya da yawa ƙarfi da dukiya, hakimi na sauka daga doki ya gaishe su. Kada wannan ya ruɗe ku game da na rinji, wanda ke fita gandu tun da sassafe, ko kuyangar da aka raba da ɗanta a rumfa. Sunan ɗaya ne, zaman ba ɗaya ba.

Tun da mun taɓo sarautu, ga wani abu da ya shafe mu nan. Sarautar Sarkin Bai, wadda gidan Dambazawa ke riƙe da ita, wadda kuma Ɗambatta ta zama mazaunin hakiminta, tsohon littafin tarihin Kano ya lissafa ta cikin sarautun da Muhammadu Rumfa ya ba bābānni. Bayan jihadi ta koma hannun Malam Dabon Dambazau, ɗaya daga manyan jama'a, ta zama cikin masu zaɓen sarki. Rawani ɗaya, yau a kan bawa gobe a kan malami, ba wanda ya ce ya ƙazantu.

Ƙarshen yaƙin, Dabo ya kai har Ɗambatta ya ci garin, Ɗan Tunku ya ja cikin duwatsun Kazaure inda doki ba ya sakewa, ba wanda ya iya gamawa da wani. Aka kai magana gaban Sarkin Musulmi Bello. Ya raba su, ya ce Ɗan Tunku ba ya ƙarƙashin Kano, Sakkwato zai bi kai tsaye. Haka masarautar Kazaure ta tabbata, ɗansa Dambo ya gaje shi ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, Ɗambatta kuwa ta zauna a ɓangaren Kano. Iyakar nan tana nan, tun 1991 ma ta zama iyakar jihohi biyu, Kano da Jigawa. Ku lura da kyau, Ɗan Tunku da Abdussalami duka sun ƙi bin na gaba da su, ɗaya ya tashi da sarauta ɗaya ya tashi da sunan ridda. Ku lura kuma sulhu na iya mayad da gari ga mai shi, amma yarinyar da aka kama a bakin rijiya a 1821, aka sayar a Kano, ayari ya haye hamada da ita zuwa Tarabulus, ba takardar da za ta kai inda ta ke.

Waɗansu kudu aka yi da su, hannu zuwa hannu har bakin teku. A ƙasar Bahiya ta Birazil bayi Hausawa suka yi yawa a shekarun nan, har a 1807 aka tona wata shawarar tawaye da suka ƙulla, a 1809 da 1814 kuma suka tashi da makamai. Cikinsu akwai waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren jama'a, akwai na ɓangaren Haɓe, jirgi ɗaya ya kwashe su. Wannan sayad da Musulmi ga Nasara ya dami Bello ƙwarai. Saboda haka da Kilafaton ya isa Sakkwato a watan Maris 1824 ya kawo masa maganar hana cinikin bayi ta teku, bai sha wuya ba. Bello ya rubuta wa Sarkin Ingila Joji na Huɗu cewa zai hana fatake kai bayi bakin teku, shi kuma a aiko masa da wakili da likita da makamai. Kowa da abin da ya ke nufi. Bature na maganar cinikin teku duka, Bello na maganar kada ɗa Musulmi ya faɗa hannun wanda ba Musulmi ba. Shirin bai tabbata ba, Kilafaton ya komo ya mutu a Sakkwato a 1827.

Kada kuma ku zaci Turawan nan hannunsu a wanke ya ke. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ingila ta hana jiragenta cinikin bayi a 1807, bayan ta daɗe tana cikin na gaba a cinikin, ba ta kuwa 'yanta bayin da ke ƙasashenta ba sai da dokar 1833. Da ta tashi biyan diyya, fam miliyan 20, iyayengijin ta biya, bayin ba su sami ko anini ba. A Amurka, ƙasar da ba ta da sarki, Jafasan wanda ya rubuta musu takardar 'yanci a 1776, inda aka ce duk mutane daidai aka halicce su, ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. A 1819, shekarar da Dabo ya hau gado, majalisarsu ta kama da gardama a kan ko sabuwar jihar Misuri za ta shigo da bauta ko babu, don a sa'an nan jihohi 11 ne masu bauta 11 marasa ita, kowane ɓangare na tsoron a rinjaye shi. A 1820 suka yi sulhu, suka ja layi a taswira, suka ce ƙasashen yamma da ke arewa da layin ba bauta, ban da Misuri kanta. Su a ƙasa suka ja nasu layin, namu shugabannin a kan imani suka ja nasu, ko wanne kuwa manya ne suka zauna suka ja shi ba a tambayi wanda za a ɗaure ba. Nasu bai riƙe ba, a 1861 suka auka wa juna da yaƙi, mutum fiye da 600,000 suka halaka kafin a kashe bauta a 1865.

A nan ƙasarmu abin ya mutu a hankali ne. Gwamna Lugga ya yi shela cewa duk yaron da aka haifa daga ran 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu 1903, aka rufe rumfunan nan biyu. Amma waɗanda ke hannu ba a sake su rana ɗaya ba, da yawa sai da suka yi murgu suka fanshi kansu a gaban alƙali, ba a kuma soke bauta ɗungum a Nijeriya ta Arewa ba sai 1936.

Dokar ta kashe ciniki, sunan kuwa yana nan yana yawo. Bara waccan muka raba faɗan yara biyu a bayan aji, ɗaya hancinsa na jini. Da muka bincika, ashe ɗayan ne ya ce masa ɗan bayi, wai a gida ya ji. Ba mu ɗauki bulala ba. Muka ba kowannensu alli muka ce ya rubuta sunan ubansa a allo, da na kakansa, da na uban kakan, ya yi ta hawa har inda ya sani. Mai zagin ya tsaya a na huɗu, wanda aka zaga ya tsaya a na uku. Tsakaninmu da yaƙin Ɗan Tunku kuwa akwai kakanni bakwai ko takwas. Muka tambayi mai zagin, kakansa na bakwai, ran da mahaya suka zo, a kan doki ya ke ko a cikin gona? Ya sunkuyad da kai. Na yara mai sauƙi ne, kafin a tashi sun koma wasa tare. Wanda ya fi ciwo na manya ne. Mun san wani aure a wani ƙauye kusa da mu da aka fasa bayan an kai kayan gaisuwa, yaron malami ne mai sana'a, yarinyar na so, sai wata tsohuwa ta tuna cewa kakan kakansa a rinji aka haife shi. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi uban wancan ya shiga rinjin, ko kamun nasa ya halatta bisa hukuncin Shehun da su masu fasa auren ke rantsuwa da shi. Ga ƙa'idar da Malam Ahmadu Baba ya bi, in mutumin ƙasar Musulmi ya ce shi ɗa ne, mai cewa bawa ne shi zai kawo shaida. Da a ce za a tsai da tsohuwar nan a kan wannan ƙa'ida, ba mu ga inda za ta samo shaidu ba.

Hutu ya matso. Ku 'yan ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Kazaure da Ɓaɓura, in kun je gida ku zauna da tsofaffi da dare, ku tambaye su sunayen kufan da ke kusa da garinku, da inda tsohuwar ganuwa ta bi, da unguwannin da a ke kira rinji ko gandu, da abin da suka ji game da wanda ya tashi wurin. Ku rubuta yadda aka faɗa muku, kada ku gyara, kada kuma ku sa sunan gidan kowa. Wanda ya samo ya kawo wa malaminsa, ko ya aiko wa Edita.